Shekara nawa felt ke yi a kan dekin, kuma wa ya ƙirga?

Alhaji Sani: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga injiniyoyinmu, da ɗan ƙorafi a cikinta. Gidana na nan Kano rufin dekin ne. Shekara 4 da suka wuce na sa aka shimfiɗa mini felt, wato nadin kwaltar nan mai hana yoyo, irin wanda ake gasawa da wutar gas, mai kaurin milimita 4. Wanda ya yi aikin ya nuna mini takarda, wai garantin shekara 10, har yana cewa in aka kula zai kai 20. Ruwan shekaranjiya da dare sai ga yoyo a ɗakin yara, daidai kan katifa, haka muka kwana muna tara bokiti. Da safe na hau sama, na tarar wani wuri ya yi bororo kamar wanda ruwan zafi ya ƙona, wani wurin ya tsattsage kamar bayan kada. Na kira shi, ya ce laifin rana ne. To ita ranar ba a san da ita ba ne lokacin da aka rubuta 10 ɗin? Wa ke ƙirga shekarun nan, kuma da me yake ƙirgawa?

Lawal Mai Felt: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Kafin a fara zagin masu sana'armu, me da me aka ɗora a saman bayan an gama aikin?

Alhaji Sani: Tankin ruwa guda biyu, sai sola da aka sa bara.

Lawal Mai Felt: To ka gani. Masu sola sun hau da ƙarafa da na'urar huda kankare, sun yi abin da suka ga dama sun sauka. Amma in an yi yoyo sunanmu ake kira.

Alhaji Sani: Malam Lawal, inda ya yi bororon babu sola babu tanki. Fili ne fetal.

Injiniya Umar: Ranka ya daɗe Alhaji, bari in fara da takardar. Garanti alkawarin kasuwa ne, kamfani ke zama ya duba asarar da zai iya ɗauka da abin da abokan gasarsa ke rubutawa, sai ya sa lamba. Tsawon ran rufi kuma wani lissafi ne daban, kuma har a ƙasashen da suka ƙirƙiro kayan nan ba a gama warware shi ba.

Ga yadda ake yi. Ba mai iya jira shekara 20 kafin ya fito da kaya kasuwa, don haka sai a tsofar da shi da gangan a ɗakin gwaji. A Turai akwai ƙa'idar EN 1296: a yanko felt a sa a tanda mai zafin digiri 70 na tsawon makonni, wani gwajin mako 12, wani 24. In an fito da shi a sanyaya shi sosai, a lanƙwasa a jikin ɗan ƙarfe a ga ko zai tsage. Akwai kuma injin da ke haska shi da fitilun UV, masu kwaikwayon hasken rana, yana fesa masa ruwa, ana juyawa tsakanin jiƙa da bushewa. Abin da gwajin ke iya faɗa maka shi ne wannan felt ɗin ya fi wancan juriya. Amma a ce mako 12 a tanda daidai yake da shekara kaza a kan rufin Alhaji da ke Kano, wannan babu wanda zai dafa Alƙur'ani a kai.

Nura Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, amma a aji an koya mana lissafin Arrhenius, cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewa. Ba da shi ake mayar da makonnin tanda zuwa shekaru ba?

Injiniya Umar: Da shi ake ƙoƙari, Nura. Sai dai lissafin na tafiya daidai ne in abu ɗaya ke cin kayan, kuma shi ɗin ne dai ke cin sa a zafi kaɗan da zafi mai yawa. A kan rufi kuwa taron dangi ake yi masa: zafi na busar da man da ke cikin kwalta, iska na ƙona ta a hankali har ta yi tauri, hasken rana na cin fuskar, ruwa ya kwanta, kankaren ƙasa na motsi. Tanda zafi da iska kawai ta sani, ba ta san da sauran ba. In kuma ka ƙara wuta don ka gama da wuri, sai kayan ya lalace ta hanyar da ba zai taɓa bi ba a kan gini. Kaza in ta kwanta kan ƙwai kwana 21 sai ɗan tsako ya fito, kai kuma in ka ninka zafin don ka samu a kwana 10, dafaffen ƙwai za ka ci.

Akitek Rabi: Injiniya, digiri 70 ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. A Jamus ko Ingila wannan azaba ce ta musamman da aka tanada don gwaji. Mu kuwa a Afrilu, iska kanta tana kai 40 a Kano, ta wuce haka a Sakkwato da Maiduguri, baƙin rufi kuma da tsakar rana yana kai 70 har 80. Na taɓa hawa wani rufi da azahar da takalmin roba, da na sauko sai ga shatin ƙafata a jikin felt ɗin, kwalta ta biyo takalmin. Wato abin da suke kira gwajin tsufa mu a nan abincin kullum ne.

Injiniya Umar: Hajiya kin yi gaskiya, amma a yi wa tandar adalci. Ita awa 24 take riƙe da 70, rufi kuma awa uku ko huɗu yake yi a can sama sannan ya huce. Sai dai hucewar ma ba alheri ba ce. A hunturu dare na sauka 12 ko 13, rana ta fito rufi ya sake ɗaukar zafi. Kankare mai tsawon mita 10, in zafinsa ya canza da digiri 30, yana miƙewa ya dawo da kimanin milimita 3. Ba yawa a ido. Amma duk motsin nan a bakin tsaga ɗaya yake taruwa, felt ɗin da ke manne a kanta kuma ana ja ana saki kullum, sau 365 a shekara. Yana sabo yana bi. Ranar da ya yi tauri sai ya yage a daidai layin.

Baba Magini: Ni dai ina karanta ku ina dariya. Mu da muka tashi da rufin soro ba wanda ya taɓa ba mu takarda. A jera azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daɓe, a bi da makuba ko laso. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, laso kuma da katsin marina da gashin jima da dafara. Kowa ya san kafin ruwan farko sai an hau an duba, an toshe tsaga, an share indararo. Maigidan da bai hau ba shi ake yi wa dariya in ɗakinsa ya zuba. Yanzu an sayar muku da nadin kwalta an ce ku kwanta ku yi barci shekara 10, kun kuwa kwanta.

Alhaji Sani: Baba ai da ni kake, na ji. Gaskiya tun da aka yi aikin ban hau ba sai jiya.

Baba Magini: Alhaji ban kama suna ba.

Akitek Rabi: Baba, maganarka tana cikin littafin Turawan ma, sun dai sa mata lamba ne. Akwai ƙa'idar ISO 15686 ta tsara tsawon ran gini, wadda ɓangarenta na farko ya fito a 2000, kuma dabarar lissafin da ke ciki daga masana gini na Japan aka samo ta. Za ka ɗauki shekarun da aka san kayan na yi a yanayi na daidai, sai ka ninka da maki bakwai: ingancin kayan, kyan zane, kyan aikin hannu, yanayin ciki, yanayin waje, yadda ake amfani da wurin, da kulawa. Misali kawai: a ce 20 ne asali. Aikin hannu ka ba shi 0.8, zafin garinmu 0.8, rashin kulawa 0.9. Ka tashi da shekara 11 da rabi. Lissafin ya yi kyau a takarda, sai ka tambaya wa ya ce 0.8 ne ba 0.5 ba. Ni na faɗa, daga kaina. Shi kansa 20 ɗin daga rufin wata ƙasa aka samo shi. Makin yanayin Kano ko Damagaram sai an hau rufin Kano da Damagaram an auna kafin a same shi, in ba haka ba shaci-faɗi ne da kalkuleta.

Mamman Damagaram: Salamu alaikum. Tunda an ambaci garinmu bari in sa baki. Mu nan kayan da takardun Faransa suke zuwa mana. A can duk wanda ya yi gini yana ɗauke da alhakinsa shekara 10, kuma tun dokar 1978 dole ya yi inshora a kai, yoyon rufi na ciki. Shi ya sa kamfanonin inshora ke tara bayanin rufin da ya lalace da dalilinsa, don aljihunsu ne ke ciwo. Suna kuma da cibiyar CSTB mai duba sabon kaya ta ba da ra'ayi kafin ya bazu. Mu takardar muke karɓa, amma tsarin da ya haife ta yana can an bar shi. Ina zargin 10 ɗin da ake rubuta wa su Alhaji ma kwaikwayo ne kawai.

Lawal Mai Felt: Duk na ji turancinku. Ni shekarata 17 ina wannan aiki, kuma wallahi da wuya ka ga felt ya mutu a tsakiya. A baki yake mutuwa: wurin haɗi, gindin rawani, bakin bututun ruwa, kusurwa. Haɗin gefe ya kamata ya hau juna santimita 10, na ƙarshe 15, a gasa har ka ga kwalta ta ɗan tsatso a bakin. Jikin rawani a ɗaga shi aƙalla santimita 15 a kama bakinsa. To yaro ya gaji, gas ya kusa ƙarewa, mai gida na tsaye yana cewa a gama yau, sai a shafa wuta sama-sama a wuce. Bororon da Alhaji ya gani kuma na san shi. Kan ɗanyen kankare aka shimfiɗa, ko an yi ruwa ba a bari ya bushe ba. Laima ta maƙale a ƙasa, rana ta buga, ta zama tururi ta ɗaga felt. Mutane na cewa ai dekin ya yi kwana 28. Kwana 28 na ƙarfi ne, bushewa daban.

Alhaji Sani: To fa. A watan Satumba aka yi aikin, kuma ni na matsa a gama kafin mu tare.

Lawal Mai Felt: Alhamdu lillahi, yau an wanke mu.

Injiniya Umar: Ba a wanke ku duka ba Malam Lawal, wanda ya san haka ya kuma karɓi kuɗin fa? Amma maganarka ita ce babban giɓin binciken, kuma tarihi na bayanka. A Amurka da roba mai suna EPDM ta yi kasuwa wajen 1980, ita robar lafiya lau take, har yau ana yabon juriyarta. Gam ɗin da ake haɗa bakin da shi ne ya riƙa saki. Sai da cibiyar NIST ta gwamnatinsu ta shafe shekaru tana gwajin haɗin kawai, su Walter Rossiter suna rataya wa ɗan yanki nauyi suna ƙirga lokacin da zai ɗauka kafin ya ɓare, masana'antar kuma ta koma amfani da tef maimakon gam na ruwa. Shimfiɗar filastik ta PVC, na farko marar zare a ciki, shi ma ya ba su kunya: sinadarin da ke sa shi laushi ya riƙa fita a hankali, ya yi tauri, a lokacin sanyi rufi ya riƙa fashewa kamar gilashi. TPO kuma, wani nau'in shimfiɗar filastik da aka fitar masa da ƙa'idar Amurka ta ASTM D6878 a 2003, gwajin zafinsa kwana 28 ne a digiri 116. Da aka ga wasu na lalacewa da wuri a wurare masu zafi, a 2011 aka mayar da shi mako 32. Duk waɗannan sun ci gwajin zamaninsu kafin a sayar da su. Rufin mutane ne ya tona asirin, sannan aka koma aka gyara gwajin.

Nura Ɗalibi: Ke nan kullum gwajin a baya yake?

Injiniya Umar: Kusan haka. Ga wani abin kuma: kafin ka tara bayanin shekara 15 a kan wani kaya, kamfanin ya canza haɗinsa sau biyu ko uku, sunan ne kawai bai canza ba.

Garba Ɗan Kwangila: Ni duk wannan dogon turanci ne. A buga kwano a huta. Wa ya aike ku dekin?

Akitek Rabi: Yallaɓai, kwanon da iskar farkon damina ke naɗewa ta kai unguwar gaba? Kuma asibiti ko otal da ke son ɗora injinan sanyi da tankuna a sama fa?

Garba Ɗan Kwangila: A yi dekin ɗin, a ɗora masa kwano a kai. Na yi wa mutum uku haka, ba wanda ya sake kirana.

Baba Magini: Ko dai sun goge lambarka ne.

Admin: Jama'a a dawo kan felt don Allah. Muhawarar kwano da dekin mun yi ta a watan jiya har mutum biyu suka fita.

Akitek Rabi: To bari in faɗi abin da nake ganin ya kamata a bincika a nan, wanda ba wanda zai yi mana shi daga waje. Na farko ƙura. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi tana kwanciya a kan rufinmu wata da watanni ba ruwan da zai wanke ta. Ana tallar farin rufi ko fentin azurfa cewa yana mayar da zafin rana, gaskiya ne kuwa yana sabo. A Amurka ma sai sun shanya samfur shekara 3 a Arizona da Florida da Ohio sannan su sake auna haskensa, saboda sun san datti na rage shi. To bayan hunturu biyu a Katsina me ya rage na farin? Wataƙila kuma ƙurar na kare felt daga hasken rana, ta yi masa rumfa. Duka biyun na iya zama gaskiya, aunawa ce za ta raba gardama. Abin da na gani da idona shi ne ƙurar na taruwa a bakin bututu, ruwan farko ya mayar da ita laka, bututu ya toshe, ruwa ya kwanta. Ruwa mai zurfin santimita 1 kilo 10 ne a kan kowace murabba'in mita, kuma yana nan yana laluben ƙaramar kafa. Na taɓa cire tsiron ɗurumi daga bakin bututun wani ofis, saiwarsa ta shige ƙarƙashin felt fiye da kamu biyu.

Na biyu, wane irin felt ne ya dace da mu, mai haɗin filastik da ake kira APP ko mai haɗin roba da ake kira SBS. APP ya fi jure zafi, sai wajen digiri 150 yake narkewa. SBS ya fi laushi da bin motsi, amma yana saki da wuri a zafi kuma dole a rufe fuskarsa da tsakuwa. A kasuwa kuwa duk felt ne, mai shago kauri kawai zai tambaye ka, 3 ko 4.

Lawal Mai Felt: Wani 4 ɗin ma in ka auna 3 da ɗan kai ne. Wani kuma in ka gasa shi sai ka ji ƙasa-ƙasa, an cika shi da hoda.

Mamman Damagaram: Wannan kuma aikin hukumar ingancin kaya ne, ba na masu bincike ba.

Injiniya Umar: Na kowa ne Malam Mamman. Hukumar ingancin kayan tamu, SON, za ta iya kama kaurin ƙarya, amma ba za ta iya sa ƙa'idar da ta dace da mu ba sai an ba ta alƙaluma. Kuma aikin ba na biliyoyi ba ne. Turawa sun mayar da Arizona da Florida wurin shanya kaya na duniya saboda rana da laima, mu kuma muna da rana kyauta. A samu fili a ABU Zariya ko BUK ko Jami'ar Maiduguri, wani a Fatakwal don a kwatanta da wurin ruwa, a zuba ƙananan dekin, a shimfiɗa iri-iri har da haɗinsu da kusurwarsu, wasu a yi da kyau wasu a yi irin na gaggawa da gangan. A binne na'urar auna zafi a ƙarƙashi. Duk shekara a yanko a gwada. Cibiyar gwamnatinmu ta NBRRI tun 1978 aka kafa ta don binciken gini da hanya, irin wannan ai gonarta ce. Matsalar da na hango ita ce aikin na son shekara 10 zuwa 15, ɗalibin digiri na biyu kuma shekara biyu gare shi, kuɗin bincike ma haka.

Nura Ɗalibi: Malam, to in aka bi ta baya fa? Maimakon a jira sabo ya tsufa, a nemi rufin da ya riga ya yi shekara 3, 5, 8, 12, a yanko daga kowanne. Ina neman abin da zan yi aikin kammala karatu a kai.

Injiniya Umar: Madalla, hanya ce da ake bi, kuma ita ta fi sauri. Inda za ka sha wuya shi ne tarihin rufin. Ka je ma'aikata ka tambayi wane iri aka sa, wace shekara, wane wata, wa ya yi, an taɓa faci ko ba a taɓa ba, sai a yi ta kallon-kallo. Ba kuma ka da sabon yankin da za ka kwatanta da shi. Sannan ka fara yanke shawarar me kake kira mutuwar rufi: ɗigon farko, ko ranar da faci ya fi sabo tsada? In ba ka tsayar da wannan ba, alƙalumanka ba za su haɗu da na kowa ba. Kar kuma ka bi rufin da ya yi yoyo kaɗai don shi ake kiran mutane a kai. Wanda ya yi shekara 12 shiru shi ma ka hau shi, ka gano me aka yi masa daidai.

Lawal Mai Felt: Ni ina da littafi. Duk aikin da na yi ina rubuta wata da unguwa da irin nadin da yawan mita, saboda lissafin bashi. Ya kai gida 200. In masu gidajen sun yarda sai mu zaga.

Akitek Rabi: Malam Lawal, kana zaune kan abin da muke ta nema tun safe ka yi shiru? Nura, ka riƙe shi da kyau. Ni ma daga yanzu zan sa a takardar kwangila a ajiye wa mai gida ragowar mita ɗaya na nadin da aka sa masa, da takardar jikinsa, a ɗaki mai inuwa.

Baba Magini: In kun zo zagayen ku biya ta wajena, akwai soron da na daɓe tun kafin a haifi Nura. Ku yanka ku kai tandar taku.

Alhaji Sani: Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma yau da dare ma hadari ne a gabas. Yanzu me zan yi?

Lawal Mai Felt: Yau dai a share bakin bututu, a shimfiɗa tamfol a wurin, a danne da bulo amma a sa kwali a ƙarƙashinsa kar ya huda. Kar ka bari kowa ya gasa sabo a kan jiƙaƙƙe. In aka samu rana kwana biyu ko uku a tsaga bororon a gicciye, a buɗe ya sha iska, a manne a yi masa faci. Babban gyara sai Nuwamba. Kuma a duba ƙafafun solar nan duk da haka, ruwa na iya shiga can ya bi ƙarƙashi ya ɓullo a ɗakin yara.

Nura Ɗalibi: Alhaji don Allah in an yanke kar a yar. A yanko mini kamar faɗin littafi, ɗaya daga wurin da ya tsage, ɗaya daga ƙarƙashin tanki inda rana ba ta taɓawa, a rubuta a bayan kowanne.

Alhaji Sani: Ba damuwa. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da tsani don nawa gajere ne.